Yadda Ake Bin Tarihin Zaɓe na Tsohuwar Mazaɓar Karkara a Lardin Alberta

Duk wanda zai binciki yadda mutanen wata tsohuwar mazaɓar karkara a lardin Alberta na ƙasar Kanada suka riƙa kaɗa ƙuri'a, ya fara da taswira kafin ya taɓa alƙaluma. Tun daga zaɓen farko na 1905, shekarar da aka kafa lardin, an sha sake shata iyakokin mazaɓu, ana raba wata, ana haɗe wata da maƙwabciyarta, har sunan mazaɓa kan ci gaba da zama alhali ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta sauya. Saboda haka sai a nemo dokar da ta kafa mazaɓar da kowace dokar gyara da ta biyo baya. Waɗannan dokoki sukan bayyana iyaka ne da lambobin yankunan awon ƙasa, kowane yanki mil 6 tsawo da mil 6 faɗi, don haka ana iya zana iyakar a kan taswira shekara bayan shekara. Mazaɓar Okotoks-High River, alal misali, ta wanzu ne daga 1930 zuwa 1971, kuma wanda ya haɗa sakamakonta da na tsohuwar mazaɓar Okotoks ba tare da duba iyaka ba, ya gwama jama'a biyu daban.

Bayan haka sai a tattara sakamakon kowane zaɓe daga rahotannin hukumar zaɓen lardin da ɗakin karatu na majalisar dokoki da ke Edmonton, a rubuta sunan kowane ɗan takara da jam'iyyarsa da yawan ƙuri'unsa. Kada a tsallake zaɓen cike gurbi, domin a nan ne sau da yawa labarin yake. William Aberhart ya zama firimiya, wato shugaban gwamnatin lardin, a 1935 ba shi da kujera a majalisa, sai da ɗan majalisar Okotoks-High River ya sauka aka ba shi gurbin babu hamayya, kuma a wannan mazaɓa ce aka yi yunƙurin yi masa kiranye a 1937, abin da ya sa gwamnatinsa ta soke dokar kiranyen gaba ɗaya.

Inda masu bincike suka fi tuntuɓe shi ne tsarin ƙidaya. A manyan zaɓuka daga 1926 zuwa 1955, mai zaɓe a karkara yana jera 'yan takara ne bisa fifiko, na ɗaya, na biyu, na uku. Idan babu wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'u, sai a cire na ƙarshe a raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na gaba, a ci gaba har wani ya yi rinjaye. Don haka teburin waɗannan shekaru yana buƙatar gurbi biyu, na ƙidayar farko da na ƙarshe, kuma a ganina ƙidayar farko ce ta fi nuna ainihin ƙarfin kowace jam'iyya, ta ƙarshe kuwa tana nuna wanda jama'a suka fi iya haƙuri da shi. An koma tsarin wanda ya fi yawan ƙuri'u ya ɗauka, ko da bai kai rabi ba, a 1956.

Haka kuma a lura da waɗanda ke da ikon zaɓe. Mata sun samu wannan 'yanci a 1916, shi ya sa adadin ƙuri'u ya yi tsalle a 1917, shekarar da Louise McKinney ta ci mazaɓar Claresholm. 'Yan asalin ƙasa waɗanda gwamnatin Kanada ta yi wa rajista a matsayin Indiyawa kuwa sai a 1965 aka ba su damar zaɓe a lardin. A zaɓen 1917 ɗin ma, 'yan majalisa 11 da ke aikin soja a yaƙin duniya na ɗaya an mayar da su kujerunsu ba tare da takara ba, wanda ke nufin gurbin da babu alƙaluma ba lallai ne kuskuren mai rubutu ba.

Idan tebur ya kammala, sai a auna shi da guguwar lardin baki ɗaya: nasarar ƙungiyar manoma ta UFA a 1921, faɗuwarta warwas a 1935 lokacin da jam'iyyar Social Credit ta Aberhart ta ci kujeru 56 cikin 63, da hawan Peter Lougheed kujerar firimiya a 1971. Mazaɓar da ta bi wannan sahu ba ta buƙatar dogon bayani. Wadda ta bijire ita ce ta cancanci a koma wa sakamakon rumfa-rumfa da jaridun garuruwan yankin, a kuma duba yadda ta kaɗa a ƙuri'un raba gardama, kamar ta haramta giya a 1915 da ta batun mallakar kamfanonin wutar lantarki a 1948.