Haɗarin Mota a Hunturu: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani Kafin Tafiyar Hutu

A ƙasashen sanyi irin su Kanada, Amurka da arewacin Turai, hutun ƙarshen shekara yana zuwa ne a lokacin da hanyoyi suka fi muni, ga cunkoso, ga dare yana yi da wuri, ga kowa yana gaggawar isa wurin iyalinsa. Duk ƙwarewar mutum a tuƙi, in dai bai taɓa tuƙa mota a kan ƙanƙara ba, to ɗan koyo ne a wannan fage, kuma babu abin kunya a yarda da haka.

Wadda ta fi yaudara ita ce ƙanƙarar da ba a gani, wato siririn ruwan da ya daskare a kan kwalta har hanya ta yi kamar jiƙa kawai ta yi. Takan samu idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Celsius ko kusa da haka, kuma gada ce ke fara daskarewa, domin iska mai sanyi tana bin ta sama da ƙasa. Dokokin hanya na Birtaniya sun yi gargaɗin cewa nisan da mota ke ci kafin ta tsaya a kan ƙanƙara yana iya ninka na busasshiyar hanya sau 10. Shi ya sa tayoyin hunturu suke da muhimmanci, tunda robar taya ta yau da kullum tana sandarewa idan ma'aunin ya sauka ƙasa da digiri 7. A lardin Kebek na Kanada ma doka ce a sa su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Idan mota ta fara sulɓewa, ku ɗage ƙafa daga totur, ku dubi inda kuke son ta nufa, ku karkata sitiyari can a hankali, kada ku fizge shi. In motar tana da birkin ABS, wato mai hana tayoyi kullewa, ku danna shi ku riƙe, ko da kun ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarku, domin aikinsa ke nan.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, sau da yawa ba haɗarin farko ne yake halaka mutane ba, abin da ke biyo bayansa ne. Ƙanƙarar da ta kwashe motarku tana nan tana jiran motar da ke bayanku. A watan Fabrairun 2021, a babbar hanyar birnin Fort Worth da ke jihar Texas, motoci fiye da 130 suka yi ta afka wa juna a kan ƙanƙara, mutum 6 suka rasu. Saboda haka da zarar mota ta tsaya, ku kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa, ku duba lafiyar kowa, kuma kada ku fito ku tsaya a bayan mota kuna duba inda ta lotse. In tana motsi, ku kawar da ita daga hanya. In akwai shingen ƙarfe a gefe kuma kuna iya kaiwa ba tare da tsallaka titi ba, ku fita ta ƙofar da ba ta fuskantar motoci ku koma bayansa, ku yi nisa. In kuwa motoci suna ta sulɓowa kuma babu mafaka, zama a ciki da bel a ɗaure ya fi tsayuwa a fili.

Ku kira 911 a Amurka da Kanada, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, ku faɗi lambar hanyar da ɓangaren da kuka nufa da mahaɗar da kuka wuce ta ƙarshe. Wanda yake kukan wuya ko baya kada a ciro shi, sai dai in ana tsoron gobara. A lulluɓe shi, a riƙa yi masa magana har masu agaji su iso.

Akwai kuma halin da mota za ta faɗa cikin dusar ƙanƙara a wurin da babu kowa, guguwa tana kaɗawa. A nan hankali yakan raya wa mutum ya taka da ƙafa ya nemo taimako, kuma wannan shawara ta ci rayuka da yawa, domin cikin farin hazon nan mutum yana iya ɓacewa taku kaɗan daga motarsa. Ku zauna a ciki. Ku tada inji kamar minti 10 a kowace awa don ɗumi, amma kafin nan ku fita ku share dusar da ta toshe bakin salansa, ku kuma ɗan sauke gilashi. Idan salansa ya toshe, iskar kabon monoksaid takan dawo cikin mota, ba ta da wari ba ta da launi, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci, daga nan kuma ba ya farkawa. A guguwar da ta rufe birnin Buffalo na Amurka a Disambar 2022, ana gab da Kirsimeti, fiye da mutum 40 suka rasu, kuma an tsinci wasunsu a cikin motocinsu. Wanda ya fara ruɗewa, maganarsa ta fara sarƙewa, ko ya daina rawar sanyi alhali bai ji ɗumi ba, sanyi ya riga ya shiga jikinsa sosai. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a rufe shi, a sake kiran agaji.

Duk wannan yana sauƙi ne ga wanda ya yi tanadi tun daga gida: bargo, safar hannu, tocila, ƙaramin shebur, ruwan sha, cajar waya, da tankin da bai gaza rabi ba. A ajiye bargon a cikin mota kusa da hannu, domin but ɗin da aka daka daga baya ba lallai ya buɗu ba. A kuma sanar da wanda za a je wurinsa hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa.

Bayan ƙura ta lafa, ku ɗauki hotuna, ku karɓi lambar ɗaya motar da bayanan inshorarta, ku faɗa wa 'yan sanda abin da ya faru yadda ya faru, ku bar musu da kamfanin inshora batun wanda ke da laifi. Ku ga likita ko da kuna jin garau, domin ciwon wuya da buguwar kai sukan bayyana ne bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma takardar asibitin ita ce hujjarku a wurin inshora.