Tsohuwar Land Rover: Kurakuran da Masu Farfaɗo da Ita Suka Fi Yi

Motar da na fara saya don in farfaɗo da ita Land Rover ce samfurin Series IIA, mai dogon shasi, wadda ake kira 109. A bayan wani gida na same ta, ƙarƙashin darbejiya, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, ganye ya cika bayanta. Na zaga ta sau biyu, na ƙwanƙwasa bodi, ban ga ɗigon tsatsa ba. Kafin wata ya ƙare na kai ta wurin mai fenti, ta fito koriya shar. Bayan wata uku muka ɗora mata buhunan masara, muna gangara wani kwari sai muka ji ƙara daga baya. Ƙarfen da ya gitta ƙarshen shasi ne ya ɓalle daga gefe guda, cikinsa duk ya zama gari. Dole aka sauke bodin da na kashe wa kuɗi, sabon fentin ya kwarzane a wurin saukewa.

Wannan, wato duba bodi a manta da shasi, shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ƙirar motar ce take jawo shi. Lokacin da kamfanin Rover ya fito da ita a 1948 daga masana'antarsa ta Solihull, ƙarfe yana wuya a Ingila saboda ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, sai aka yi bodin da wani haɗin alminiyum mai suna Birmabright. Alminiyum ba ya yin jar tsatsa, don haka mota za ta shekara hamsin fuskarta na nan. Amma shasi ƙarfe ne, bangon da ya raba injin da direba ƙarfe ne, haka firam ɗin ƙofofi. Shasin kuma kamar dogon akwati yake, cikinsa rami. Laka ta shiga da damina, ta zauna, ta riƙe danshi, ta riƙa cin ƙarfen daga ciki ba tare da ido ya gani ba.

Saboda haka in za ka je ganin mota, tafi da ƙaramar guduma da tocila da tabarmar da za ka kwanta a kai. Bi shasin daga gaba zuwa baya kana bugawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɓus, wani lokaci ma ɓarɓashi ya zubo maka a fuska. Wuraren da suka fi mutuwa su ne ƙarfen baya da ya gitta, da ƙahonnin gaba inda sifirin yake ratayuwa, da 'yan hannayen da suka fito gefe suna riƙe da bodi da tanki. Daga nan ka ɗaga shimfiɗar ƙasan direba ka duba inda ƙafa take sauka, da ginshiƙan da ƙofofi suke rataye. In ka tarar an shafe shasi da sabon baƙin fenti mai kauri alhali sauran motar duk ƙura, ƙara bugawa da kyau. Wadda aka shigo da ita daga Turai ta fi buƙatar wannan bincike, domin can ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Ita Land Cruiser FJ40, wadda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, bodinta ƙarfe ne, shi ya sa tata tsatsar take fitowa a ƙasa da kusurwoyin baya, kuma maganaɗisu zai nuna maka inda aka cike rami da fila, tunda ba zai kama a wurin ba. A jikin Land Rover wannan dabarar ba ta aiki.

Gyaran shasi ma akwai inda ake kuskure. Mai walda ya ɗauko falle ya liƙa a kan ruɓaɓɓen wuri, ya shafa fenti, an rufe tsatsa da ranta. A yanke har sai an kai ga ƙarfe mai lafiya, a saka sabo mai kauri daidai da na asali. Kafin a kunna wuta a cire tanki gaba ɗaya a kai shi nesa, a zare wayar batir. A yawancin waɗannan motoci tankin yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, kuma tankin da ya bushe amma da tururin fetur a ciki ya fi cikakke haɗari.

Tun kafin guduma ma, akwai maganar takardu. Irin waɗannan motoci sau da yawa kayan gado ne. Wanda ya nuna maka ita ɗaya ne cikin magada goma, ka biya shi, ka yi shekara kana zuba kuɗi, ran da ta fara sheƙi sai ga sauran sun zo. A zauna da duk masu haƙƙi, a rubuta, a sa shaidu. Sannan a gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin farantin cikin mota da wadda aka buga a shasi, wajen maratayin sifirin na gaba ta hannun dama. Wani abu kuma: Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ne ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motocin da suka girmi wannan rana galibi sitiyarinsu na dama. Tambayi ofishin lasisi matsayin irin wannan mota kafin ka biya kuɗi.

To, an kawo mota gida, jama'a sun taru, kowa na so ya ji kukanta. Nan ake ɗaura batir a murɗa makulli, kuma nan ake kashe injin da zai iya rayuwa. Injin da ya yi shekaru a kwance, mai ya tsiyaye daga ko'ina, ringi sun manne. A cire filogi, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a juya da hannu. Samfurin Series yana da sandar tayarwa da ake sakawa ta gaba, ita ce ta dace da wannan aiki. In ya ƙi juyawa kada a tilasta, a buɗe a gani. A zubar da tsohon mai, a canza filta, a wanke tanki da kafireta, domin tsohon fetur yakan koma kamar ƙaro. A kuma duba wace sandar batir ce take zuwa jikin mota. Waɗanda aka ƙera kafin wajen 1967 fozitif ne yake zuwa bodi, saɓanin motocin yanzu, sai dai in wani ya riga ya juya wayarin.

Wargaza mota kuwa daɗi gare shi, kwana uku sun isa. Haɗawa ce take cin shekaru. Na san gareji fiye da ɗaya da gawar Land Rover take kwance, ba don wani babban ciwo ba, sai don an zube notinta duka a bokiti ɗaya, yaran gareji suna ɗiba suna ɗaure wasu motoci. Kowane abu za a kwance a ɗauki hotonsa da waya tukuna, a sa notinsa a leda, a rubuta sunan wurin. Kada a jefar da tsohon kaya sai sabo ya zo an gwada ya zauna. Notin waɗannan motoci ba na milimita ba ne. Akwai na inci, akwai kuma tsohon ma'aunin Ingila da ake kira Whitworth, musamman a jikin giya da aksil, sai na ƙarshe-ƙarshen Series III ne aka fara cakuɗawa da milimita. Bakanike ya ɗora sifana mai lamba 14 ko 17 ta kusa kamawa, ya danna, kan noti ya zama kamar goro, daga nan sai kurfi da guduma. Sayen sifanun da suka dace ya fi arha nesa ba kusa ba. A Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ka yi haƙurin tono cikin tsofaffin kaya, kana iya dacewa da su.

Sai mai gyaran bodi. Wanda ya saba da ƙarfe zai so ya gasa ya buga, alhali alminiyum ba ya yin ja kafin ya narke, kawai za ka ga rami ya buɗe. Kuma yawan bugu yana sa shi tauri har ya tsage. Masu sanin aikin sukan goga sabulu a wurin, su ɗumama a hankali har sabulun ya yi baƙi, su bari ya huce, sannan su buga da gudumar katako. Kada a wanke shi da soda mai ƙuna, cin sa take yi. Farin garin da kake gani a ƙasan ƙofofi alama ce ta inda alminiyum ya haɗu da ƙarfe, danshi ya shiga tsakani. In an gyara, a raba su da fenti ko siririyar roba, in ba haka ba zai dawo.

Birki ne abin da nake roƙon kowa kada ya yi wa rowa. Waɗannan motoci birkin ganga gare su a duk ƙafafu huɗu, kuma tsofaffin layi ɗaya ne tal: bututu guda ya fashe, birki ya tafi duka. Zafin ƙasarmu ba ya barin roba, saboda haka duk tiyo da robobin cikin silinda a canza su ko da sun yi kama da lafiyayyu. Man birki kawai ake zubawa. Man inji yana kumbura robobin, ruwan sabulu kuwa yana tafasa ya kuma cinye silinda. In ka ga man giya ya jiƙa takalmin birki, kafin ka zargi sil duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksil. A tawa, zanzaro na tarar ya toshe shi da laka tsaf. Aksil ya yi zafi, iska ba ta da mafita, sai ta turo mai ta wajen sil. Birkin hannu shi kuma a bayan giya yake, farfela yake riƙewa ba taya ba, don haka in ka ɗaga ƙafa ɗaya da jak motar na iya gangarawa. A sa dutse ko katako a sauran tayoyin.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne gaggawar cire injin asali. Injin lita 2.25 na fetur ƙarfinsa bai wuce doki saba'in da 'yan kai ba, kuma giya da sandunan aksil da birki duk a kan wannan ƙarfin aka auna su. Ka ɗora injin da ya ninka shi, ka ƙara manyan tayoyi masu faɗi, sandar aksil ta baya ce za ta fara karyewa, giya ta biyo, sitiyarin da dama ba shi da fawa ya zama sai da ƙarfin damtse. Alhali injin nan ba shi da wuyar sha'ani, kayansa kuma har yau ana ƙera su a Ingila. In za a buɗe tof silinda, a sa a dasa mazaunin bawul masu tauri, tunda an ƙera shi ne a zamanin fetur mai dalma, wanda yanzu babu shi. In kuma larura ta sa sai an canza, a ajiye na asalin a inuwa, a zuba masa mai, a rufe. Duk mai neman tsohuwar mota da gaske zai tambaye shi. Tayoyi kuwa, 7.50 a kan rim 16 shi ne na 109, kuma duka huɗun su zama girma ɗaya.

In injin yana zafi, abin da aka saba shi ne a cire tamostat a jefar. Ciwon yana nan bai tafi ba. Yawanci lagireto ne ya toshe da ɓawon da ruwan rijiya ko na burtsatse yake bari, ko famfon ruwa ya gaji, ko taimin ya kauce. A wanke lagireto ko a sake masa ciki, a mayar da tamostat, a riƙa zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Wuraren zuba mai ma sun fi yadda mutane suke zato: giya, ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, aksil biyu, ƙwallayen nan biyu na ƙafafun gaba, da akwatin sitiyari. Man giya mai lamba 90 suke sha, kuma ga giya a nemi mai alamar GL-4 saboda sassan tagulla da ke ciki.

Ran da mota ta hau titi, a kula da sanduna biyu da ke kusa da sandar giya, mai rawayan kai da mai jan kai. Mai rawayan kai in ka danna ta ƙasa ta sa ƙafa huɗu, mai jan kai in ka ja ta baya ta sa ƙaramar giya, ita ma da ƙafa huɗu. Na yashi ne da laka da hawan dutse. In ka bar ta a ƙafa huɗu a kan kwalta busasshiya, tayoyin gaba da na baya ba sa samun zamewa, farfela ta riƙa murɗuwa har wani abu ya karye. Da ka fito daga daji, tsaya, ja jar sandar baya ka mayar da ita gaba, za ka ga rawayar ta yi tsalle ta dawo sama.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan shasi da birki da inji da wayarin sun zauna, an kuma yi 'yan watanni ana hawa. Alminiyum yana buƙatar share fage na musamman mai kama jikinsa, in ba haka ba sabon fenti zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ƙarafan gefen bodi masu launin toka, waɗanda aka yi wa ruwan tutiya tun daga masana'anta, ba a fentinsu, wankewa kawai suke so. Kafin a ɗauko sanfefa kuma a duba ƙofofi da kyau a cikin hasken safe. Wasu har yanzu da inuwar rubutun En'e, wato hukumar gargajiya ta da, ko na wani asibiti ko ma'aikatar gona a jikinsu. In na samu irin wannan ƙofa ba na kankare ta. Ruwa da sabulu mai laushi nake sa mata, in ta bushe in goga kakin mota da tsumma.