Yadda Nake Gano Ƙwayoyin T da B a Cikin Tsokar Mutum

Idan aka miƙo mini tsokar da aka daskarar cikin kakin farafin, aka ce in duba ko ƙwayoyin garkuwar jiki nau'in T ne suka taru a ciki ko nau'in B, kwalabe biyu nake ɗaukowa daga firij: antibodin CD3 da na CD20 (antibodi furotin ne na garkuwar jiki da ke manne wa takamaiman abu). Na farko yana manne wa ƙwayoyin T, na biyu kuma ƙwayoyin B. Tun 1975 Köhler da Milstein suka gano dabarar haɗa antibodin da ke bin furotin guda tak, a Kambirij ta Ingila, kuma har gobe a kan ta muke cin abinci.

Kafin komai karanta takardar da ta zo da kwalbar. Daga jikin wace dabba aka samo antibodin? CD20 ɗina samfurin L26 ne, na ɓera. CD3 kuwa SP7, na zomo. CD3 ko CD20 shi ake kira antibodi na farko; antibodi na biyu da za ka ɗora a kansa, wanda ke kama shi don launi ya fito, dole ya dace da dabbar, in ba haka ba ka yi aikin banza. Ajiya kuma tsakanin digiri 2 da 8. Kada ka jefa shi firiza don tsoron ɗauke wuta, daskarewa da narkewa a kai a kai na kashe shi.

Ina yanka tsokar da kaurin maikiron 4 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), in ɗora a gilashi mai riƙo, in gasa awa guda a digiri 60. Sai zailin ya cire kakin, alkohol ya biyo baya, a ƙare da ruwa.

Daga nan sai dahuwa, kuma a nan yawancin sababbin hannu ke tuntuɓe. Fomalin, wato sinadarin da ya adana tsokar, ya ɗaure furotin ɗin tamau, antibodi ba zai ga wurin kamawa ba sai zafi ya kwance ɗaurin. Ni da tukunyar firesha nake yi, irin ta dafa ganda, cikin ruwan sitiret mai pH 6 ko Tris-EDTA mai pH 9, gwargwadon abin da takardar ta ce. In ka sauke, bar gilashin ya huce a cikin ruwansa minti 20. Gaggawa a nan ba ta da amfani.

Sai haidurojin feroksaid kashi 3 cikin 100 na minti 10, ya kashe sinadarin tsokar da kan ba da launin ƙarya. A wanke, a ɗiga antibodi na farko, minti 30 zuwa awa guda cikin akwati mai danshi.

Danshin nan ba wasa ba ne. Wata shekara da hunturu na bar murfin akwatin a buɗe na fita sallar azahar. Kafin in dawo iska ta busar da gilasai goma sha biyu, suka fito jawur daga gefe zuwa gefe, ba ka bambance komai. Tun ranar nake shimfiɗa jiƙaƙƙiyar auduga a ƙasan akwatin, in rufe ruf.

Antibodi na biyu, sai sinadarin DAB mai ba da launin ruwan ƙasa. Sa safar hannu, ana zarginsa da jawo kansa. Hematoksilin ya rina cibiyar ƙwayoyin shuɗi, a rufe da siririn gilashi.

Duk gilashin da na rina, akwai ɗan yankin tonsil a gefensa, wato ƙulullukan nan biyu na cikin maƙogwaro, kuma shi nake fara dubawa a madubin ƙara girma. CD20 ya kamata ya cika da'irorin cikin tonsil masu kama da gidan tururuwa, CD3 kuma ya fi yawa a filin da ke tsakaninsu, launin ya zagaye kowace ƙwaya kamar zobe. Akwai kuma gilashi guda da nake hana wa antibodi na farko. Shi fes ya kamata ya fito. In tonsil bai kama ba, ko wancan gilashin ya yi launi, ba na ko kallon tsokar binciken. Sabon yanka nake yi washegari da safe.