Masu ɗaukar bebe a wasan labari, ku gyara

A guruf ɗinmu na WhatsApp nan Jidda, inda kowa ke ɗaukar mutum ɗaya cikin labari yana rubuta maganarsa da motsinsa, sababbin shiga sun mayar da bebe wurin hutu. Sai a turo ɗige-ɗige uku, ko "ya gyaɗa kai", shi ke nan. Haba jama'a! Aikin bebe ya fi na mai baki yawa.

Kafin komai, ka san abin da ya hana shi magana. Wanda aka cire wa maƙogwaro saboda ciwon daji yana ji ras, yana kuma iya rubutu. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, sau da yawa har rubutun gagararsa yake. Wanda sanƙarau ya kurmantar tun yana jariri kuwa, hannu ne bakinsa, kuma maganar hannu ta Kano daban take da ta kuramen Saudiyya. Kada ka sauke shi a filin jirgi ya kama hira da kowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne karanta zuciya. A wani labari na taɓa riƙe matsayin wani ɗan dako a kasuwar Bab Makka ta nan Jidda, bebe, wanda ya ga ɓarawon jakar wata hajiya. Na rubuta ya ja gefen mayafinta, ya nuna idonsa, ya shafa haɓa alamar gemu, ya nuna lungu. A kan wannan sirri labarin ya tsaya. Sai wani ƙanenmu ya sa ɗan sandansa ya ce, "To, mai gemun nan na shagon turare kake nufi." Daga ina? Ko shehun malami ne kai? Bai tsaya nan ba, daga baya ya sa bebena ya yi ihu da sunan ɓarawon, wai firgita ta buɗe masa baki. Ranar labarin ya mutu. Ƙanena, ba a sa wa mutumin wani magana a baki, balle bebe.

Ni yanzu motsin hannu kawai nake rubutawa, ma'anar na bar ta a cikina. Nakan shirya da mutum ɗaya a gefe ya zama tafinta, da sharaɗin wani lokacin ya fassara ba daidai ba, don nan rigimar take daɗi.

Sauran ƙanana ne. Ku daina yi masa tsawa in yana ji. Kada a mai da shi wawa ko waliyyi. In kuma kun ba shi waya yana ta zuba rubutu shafi-shafi, to ku ɗauki mai baki kawai mu huta.