Yadda Ake Haɗa Abin Hawan Dusar Ƙanƙara Irin Na Da

Dabarar abin hawan dusar ƙanƙara irin ta ƙafar raƙumi ce: a shimfiɗa nauyi a kan faɗi don kada a nutse. Adolphe Kégresse, Bafaranshen da ya yi wa Sarkin Rasha Nicholas na Biyu aikin mota, ya cire tayoyin baya ya sa bel mai faɗi. Motocin Citroën masu irin bel ɗinsa ne suka ratsa Sahara daga Touggourt zuwa Tumbuktu a ƙarshen 1922 da farkon 1923. A 1924 Carl Eliason na Wiskonsin a Amurka ya ɗora injin kwalekwale a kan doguwar shimfiɗar katako, a 1937 kuma Joseph-Armand Bombardier na Kanada ya yi rajistar faifai mai haƙora da ke jan bel. Tsarin Bombardier shi ya fi dacewa da mai haɗawa a gida.

Fara da lissafi tun kafin a kunna injin walda. Na'ura mai kilo 90 da mahayi mai kilo 80 sun zama 170. Bel mai faɗin santimita 38 da ke taka ƙasa tsawon santimita 90, haɗe da allunan zamiya biyu na gaba masu faɗin santimita 15 da tsawon santimita 90, za su sa nauyin ya tsaya wajen giram 28 a kowace murabba'in santimita. Kada ka bari ya haura 35.

Firem: bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 25, kauri milimita 2. Inji: mai ƙarfin doki 6.5, irin na famfon ban ruwa, kamar Honda GX200.

Aikin gaske yana wurin bel. Samo tsohon bel ɗin masana'anta mai jan kaya, ka tsaga shi tsiri biyu, kowanne faɗin santimita 15, tsawon santimita 238. Shimfiɗa su gefe da gefe, ka bar tazarar santimita 8 a tsakiya. Yanka sandunan ƙarfe 34 masu tsawon santimita 38, ka gitta su a kowane santimita 7, kowace da kusoshi huɗu na milimita 6 da noti mai roba a ciki, domin noti na gama-gari jijjiga ce za ta kwance shi. Haƙoran faifan da ke jan bel suna shiga tazarar nan ta tsakiya su kama sandunan, ta nan kuma dusar da ta shigo take zubewa. Kada ka yi awon ramuka da tef ɗaya bayan ɗaya. Huda ƙarfe guda ya zama ma'auni, ka bi da shi duka. Kuskuren milimita biyu idan ya taru, sai ka ji haƙori yana hawa kan sanda, ƙwas-ƙwas, har bel ya yi tsalle.

Faifai mai haƙora 8 a wannan tazara faɗinsa wajen santimita 18 ne. Yanke shi daga roba mai tauri. Na ƙarfe tsirara dusa na manne masa ta daskare, ta cike tsakanin haƙora.

Injin yana juyi 3,600 a minti. Sa kaca tsakanin faifai mai haƙora 12 da mai 60, wato biyar zuwa ɗaya, ka samu kimanin kilomita 24 a awa. Wannan gudun ya isa wa abin da aka haɗa a gida. Kuloci na talaka, wanda ke kamawa idan inji ya ɗauki wuta, yana ƙonewa a dusa mai zurfi saboda yawan sulɓi. Gara a ƙara kuɗi a sayi mai bel mai sauya giya da kansa.

Idan bel yana gudu gefe guda, sandunan juyi na gaba da na baya, waɗanda bel ke zagayawa a kansu, su ne ba su yi daidai ba. Auna tsakaninsu a dama da hagu, ka sa boris ɗin baya a rami mai tsawo da kusar ɗamewa. Ɗaga na'urar: tsakiyar bel ya saki kamar santimita 2 zuwa 3.

A ƙarƙashin kowane allon zamiya ka liƙa rodi mai milimita 10 a tsawonsa, in ba haka ba ka murɗa kai na'ura ta zarce. Bakin allunan ya fi bayansu buɗewa da milimita 6.

Sanyi yana daskarar da baƙin mai, sai a zuba mara kauri mai lamba 5W-30. Ruwa idan ya shiga wayar totur ya daskare, totur zai maƙale a buɗe. Don haka dole a sa makashin inji mai igiya a ɗaura a wuyan hannu, da birkin faifai a sandar juyi, da murfi a kan kaca. Gwajin farko a yi shi bel yana sama a kan katako, minti goma, sannan a kashe a bi kusoshi 136 ɗin nan da sifana ɗaya bayan ɗaya.