Yadda za ka auna fim ɗin da aka ciro daga littafin da kake ji da shi

Da farko dai kar ka yanke hukunci da abin da mai turi ya loda maka a memori ranar kasuwar Gujungu ko Wudil, wallahi sau da yawa guntu ne an datse shi don ya shiga waya, ga mai fassara yana ta cusa barkwancinsa a bakin jarumi har ka rasa wace magana ce ta fim wace ce tasa. Nemi cikakke. The Lord of the Rings da Peter Jackson ya ɗauka a Niyu Zilan fim uku ne, 2001, 2002 da 2003, kowanne kuma akwai dogonsa da aka ƙara wa sina-sinai, na ƙarshen ma ya haura awa 4. Ka kai waya caji ta cika tukunna.

Sannan kar ka zauna kana ƙirga abin da aka cire. Littafin da marubuci Tolkien ya rubuta, wanda aka ciro fim ɗin daga ciki, ya haura shafi 1,000, dole a yanke. An cire wani ɗan daji mai suna Tom Bombadil gaba ɗaya, ni dai ban ga abin da labarin ya rasa ba, wato tafiyar da jarumi Frodo ya yi don ya jefa wani zoben tsafi a wuta.

Inda za ka sa ido sosai shi ne hali. Ɗauki mutum ɗaya da ka sani a littafi ka bi shi, shin abin da ya aikata a fim zai iya aikata shi a littafi? Dubi Faramir, wani shugaban mayaƙa da Frodo ya faɗa hannunsa a hanya. A littafi zoben ya zo har hannunsa ya ƙi shi, ya sallami Frodo ya tafi, wannan shi ne ya bambanta shi da yayansa Boromir da kwaɗayin zoben ya ci ƙarfinsa. A fim na biyu kuwa sai ya tasa ƙeyar su Frodo har garin Osgiliath da niyyar kai wa babansa zoben, daga baya ne ya sake su. To nan fa an taɓa mutum, ba sin aka cire ba, kuma a nan ne kake da bakin yin ƙorafi.

Ka duba ƙari ma. The Hobbit ɗan littafin yara ne da Tolkien ya fitar a 1937, aka ja shi fim uku daga 2012 zuwa 2014, har aka ƙirƙiro Tauriel da babu ita a littafin aka haɗa mata soyayya, kamar kokon da aka tsuga wa ruwa don ya ishi baƙi.

Daga nan sai ka samu ƙanenka ko wani a majalisa da bai taɓa buɗe littafin ba ku kalli The Lord of the Rings tare bayan isha'i, ka kama bakinka, ban da "ai a littafi ba haka aka yi ba". In an gama ka tambaye shi me ya hana Frodo jefa zoben a wuta bayan duk wahalar da ya sha. In ya ce maka zoben ne ya rinjaye shi, fim ya isar da saƙo. In ya ce tsoro ne ya kama shi, ku mayar da wajen baya, wataƙila ma aikin mai fassara ne.