Tikitin jirgin ƙasa a Ingila: yaushe za ka saya tun da wuri, yaushe za ka dakata

Sababbin zuwa, sannunku da hanya. Ba zan tsaya kan layin waya da katin banki ba, cikin mako guda za ku gane su, kuma jama'armu a nan ba sa barin baƙo ya ɓace. Abin da ke cinye kuɗin mutanenmu a ɓoye, duk Satumba da Janairu in ɗalibai sun sauka, shi ne jirgin ƙasa tsakanin garuruwa.

Mun taso da al'adar tasha: ka je, ka biya abin da kowa ya biya, mota ta cika ta tashi. A nan kuwa mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa daga Landan zuwa Manchesta, tafiyar awa 2 da 'yan mintoci, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗan'uwansa ya biya sau huɗu ko biyar. Tikitin je-ka-dawo mafi tsada a wannan hanya ya haura fam 300. Bambancin yana cikin irin tikitin da ranar da aka saye shi.

Anytime shi ne mai tsadar, ka hau duk jirgin da ka ga dama. Off-Peak ya fi sauƙi, amma ban da lokacin da ma'aikata ke tururuwa safe da yamma, kuma farashinsa ba ya tashi don ka saya a ranar tafiya. Advance shi ne mai arahar, ana fitar da shi wajen mako 12 kafin tafiya, adadinsa ƙayyadadde ne, masu arha su fara ƙarewa. Don haka in ka san ranarka da lokacinka, saya da wuri, babu ja a nan.

Sai dai Advance ɗin nan shi ne ya fi sa mutanenmu kuka, don ba a karanta sharaɗinsa. Jirgi ɗaya tak aka sayar maka, na ƙarfe kaza a rana kaza. Ka makara da minti guda, kuɗinka ya tafi. Ka iso da wuri ka faɗa na gabansa don ka ga akwai kujeru, tikitinka ba ya aiki a ciki. Akwai wani ƙanenmu da ya sauka a filin jirgin sama da safe, tun yana gida ya sayi Advance na awa biyu bayan saukarsa, yana ganin ya yi dabara. Layin shige da fice ya riƙe shi, jakunkuna suka yi jinkiri, kafin ya ja akwatuna biyu ya ratsa Landan ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, nasa ya daɗe da tashi. Ya hau na gaba da zuciya ɗaya. Da mai duba tikiti ya zo, yaron nan ya yi ta bayani, har da nuna takardar jirgin sama, amma sai da ya sayi sabo a farashin ranar. Kuɗin da mahaifinsa ya ƙulla masa na abincin wata guda ya kusa ƙarewa tun bai ga ɗakinsa ba. Ya kira ni muryarsa na rawa, ni kuma abin ya ci min rai, don da ya tambayi ko mutum ɗaya cikinmu da an gaya masa.

Kuma shi ya auna arziki. Tun Janairun 2023, tarar hawa ba tare da ingantaccen tikiti ba a Ingila fam 100 ce, ga kuɗin tafiyar a kai, tana sauka zuwa fam 50 in an biya cikin kwana 21. In aka rubuta sunanka aka aiko wasiƙa, don Allah kada ka jefa ta cikin durowa. Maganar na iya kaiwa kotu, kuma mai zaman biza ba ya son a tambaye shi hukuncin kotu ranar sabunta takardu.

Abin da nake gaya wa kowa shi ne ya duba wa ke riƙe da lokacinsa. Ranar sauka daga jirgin sama, lokacin ba naka ba ne, ka sayi Off-Peak ko ka bar tazara mai faɗi sosai. In za ka Landan alƙawarin fasfo ko wata takarda, na zuwa ka iya yin Advance, na dawowa ka bar shi a buɗe, don ba ka san lokacin da za a sallame ka ba. Sallah ma haka, sai an ga wata, kuma masallatan gari ɗaya ma sukan saɓa da kwana guda. Bikin suna da jana'iza ba sa ba ka mako 12. Ɗaurin aure, taron ƙungiya da bikin kammala karatu kuwa ranarsu sananniya ce, wanda ya jira ranar ya sayi tikiti shi ya so. Ana iya canza Advance kafin jirgin ya tashi, a biya bambancin farashi, sau da yawa da ɗan kuɗin canji. In kuma jirgin farko ne ya makara har ka rasa na biyun da za ka canza zuwa cikinsa a hanya, za a bar ka ka hau na gaba.

Katin rangwame, Railcard, yana zaftare kashi ɗaya cikin uku. Akwai na 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ɗalibi mai cikakken karatu yana iya samu ko ya haura shekarun, da na 26 zuwa 30, da na iyali. Tafiya ɗaya mai nisa takan mayar da kuɗinsa. Amma ya kasance a wayarka, wayar kuma da caji, kuma kada ka ari na aboki, akwai hoto a jiki. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya, daga 5 zuwa 15 rabin kuɗi.

In jirgi ya makara, nemi diyya. Yawancin kamfanoni suna fara biya daga minti 15, wasu 30, in ya kai awa guda a mayar maka da kuɗin zuwa gaba ɗaya. Mutanenmu da yawa sukan ce Allah ya sa haka ne mafi alheri su bar haƙƙinsu, alhali fom ne na minti biyar a intanet. Ranar Lahadi kuma ka duba kafin ka fita, don a ƙarshen mako ake gyaran layin dogo, a sauke ku a zuba a bas, tafiyar ta ƙara tsawo. Ranar 25 ga Disamba jiragen ba sa aiki sam, washegari ma kaɗan ne ke fita.